Mpape: Garin Da Ya Ba Abuja Dutse, Abuja Ta Hana Shi Takarda

Duk wanda ya bi babban titin Murtala Muhammed a Abuja, watau wanda ya taso daga A.Y.A. ya zagaye birnin ta arewa ya nufi Kubwa da Zuba, zai iske wata mararraba a bayan unguwar Maitama inda ba a rasa cincirindon jama'a tun daga asuba har bayan sallar lisha. Hannun hagu Maitama ce, da tituna masu faɗi da itatuwa jere da dogayen katangu. Hannun dama kuwa wata hanya ce siririya ta kama hawan dutse tana lanƙwasa. Ita ce hanyar Mpape.

Tazarar da ke tsakanin wuraren nan biyu ba ta wuce faɗin titi da hawan dutse ɗaya ba, amma wanda ya tsallaka sai ya ga kamar wata ƙasa ya shiga. A gindin dutsen 'yan acaɓa su ke tsayawa, domin tun watan Oktoba na shekarar 2006 aka hana su aiki a tsakiyar birni. Daga nan matafiyi zai hau, yana kaucewa motocin tipa waɗanda ke gangarowa da lodin tsakuwa suna nishi, direbobinsu sun danne birki, ƙura tana tashi a bayansu. Tun kafin a kai rabin hawan za a fara ganin rufin kwano, wani bisa wani, sun manne wa gefen dutse, har ba a gane inda wannan gida ya ƙare wancan ya soma.

Garin Dutse

Asalin wurin ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, kuma an ce ma'anar sunan Mpape a harshensu ita ce dutse. Sunan ya dace da shi. Sa'ad da aka ɗaura aniyar gina sabon birni, a nan kamfanonin gine-gine suka kafa injunan fasa dutse, kuma daga nan aka kwashi tsakuwa mai yawa wadda aka shimfiɗa tituna aka kuma zuba harsashin ma'aikatu da ita. Har yau sassan garin da sunayen wuraren fasa dutsen a ke kiransu, kamar su Arab Road da Berger Quarry da Crushed Rock. Leburori suka zo neman aiki suka kafa bukkoki kusa da injunan. Masu abinci suka biyo su, sa'an nan masu shayi da mahauta da teloli, har wurin ya tashi daga zango ya zama gari.

Yau babu ƙabilar da ba a samu a Mpape. Akwai Gbagyi masu ƙasa, da Hausawa da Fulani, da Tibi da Idoma da Igala, da Ibo da Yarbawa, masallaci yana kallon coci, kasuwa ta cinye gefen hanya. Yawancin gidajen haya ne, ɗakuna jere suna fuskantar juna, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya. Lunguna ƙanana ne, wasu ko kurar ruwa da ƙyar ta ke ratsa su, kuma da ya ke ruwan famfo bai wadaci garin ba, 'yan garuwa da masu rijiyar burtsatse su ne ke shayar da jama'a. Da rani ƙura, da damina kuwa ruwa ya kan gangaro daga bisa ya bi ta lungu ya maishe shi rafi.

A can ƙurya akwai wani tsohon ramin fasa dutse wanda aka bari ruwa ya cika shi, ya zama tafki kore shar a tsakanin bangayen dutse masu tsawo. Cikin shekarar 2020 hotunansa suka bazu, mutanen birni suka riƙa hawowa da manyan motoci da tabarmi da kwandon abinci suna shan iska. Da yawansu ran nan suka fara sanin cewa akwai gari a bisa kansu.

Abin Da Taswira Ta Ce

Daga bisa dutsen a ke ganin Maitama a shimfiɗe. Mai kallo zai lura da abu ɗaya nan da nan, watau itatuwa sun fi rufin gidaje yawa. Wannan ba haka kawai ya faru ba, da gangan aka tsara shi, tun ran gini ran zane.

Ran 3 ga watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Muhammed ya yi shelar cewa Gwamnatin Tarayya ta karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta a ɗauke babban birnin ƙasa daga Ikko a kawo shi tsakiya. Kwana 10 bayan haka aka kashe shi. Babban laifin da aka ɗora wa Ikko shi ne cunkoso, saboda haka waɗanda suka gaji aikin suka ƙudura cewa sabon birni ba zai taɓa zama kamar tsohon ba. Aka yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kimanin 8,000, aka kafa Hukumar Raya Birnin Tarayya, aka ɗauko wata ƙungiyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates, ta miƙa taswirarta cikin 1979.

Taswirar ta zana birni mai siffar jinjirin wata, za a gina shi kashi huɗu, ya ɗauki mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, daga bisani ya tsaya a kan miliyan 3 da 'yan kai. Kashi na farko, wanda ya ƙunshi tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, mutum 230,000 aka yi wa tanadi. Kowace unguwa an yanka mata yawan gidajen da za ta ɗauka. Garki da Wuse an yarda su ɗan cika, amma Maitama da Asokoro an ce a sakaya. A irin waɗannan unguwanni fuloti guda na gida guda ne, da ɗakunan barori a baya, kuma dole mai gini ya ja da baya daga titi da katangar maƙwabci, ya bar fili, kada ya wuce hawan da aka ƙayyade masa. Wanda ya saɓa, Sashen Kula da Gine-gine yana nan da jan fenti.

Inda lissafin ya karkace shi ne wajen talaka. Gida guda a Maitama yana bukatar mai gadi da direba da kuku da mai wanki da mai ban ruwan furanni, kowannensu kuma da iyalinsa, amma ɗakunan baya ba su wuce biyu ko uku ba. Sa'an nan ƙaurar ta zo da gaggawa. Ran 12 ga watan Disamba na 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka biyo shi tun gidajen ma'aikata ba su isa ba, balle na leburori da 'yan tireda. Ƙidayar 2006 ta sami mutum miliyan 1.4 a yankin, kuma mafi yawan masu ƙaramin ƙarfi ba cikin unguwannin da aka zana su ke kwana ba. Suna Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Dutsen Alhaji, wasu sun tsallake iyaka zuwa Mararaba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Cunkoson da aka kora daga tsakiya bai ɓace ba, gefe ya koma. Mpape kuwa ta fi sauran kusa, shi ya sa ta cika maƙil.

Takardu Iri Uku

Idan aka tambayi masu gidaje a garuruwan kewayen Abuja shaidar mallakarsu, takarda iri uku za a gani. Akwai ta Minista, wadda ita ce mai daraja, ita banki ke karɓa, amma ƙalilan ne ke da ita. Akwai ta Ƙaramar Hukuma, mai hatimi da lambar fuloti. Akwai kuma ta dagaci, watau yarjejeniyar ciniki tsakanin mai saye da iyalin Gbagyi masu gona, da sa hannun shaidu, kuma irinta ta fi yawa a Mpape. Rigimar da ke tsakanin Gwamnatin Tarayya da Ƙananan Hukumomi duk a kan takardun nan ta ke.

Ƙananan Hukumomi 6 ne a yankin, watau ta Birni da Kewaye wadda a ke kira AMAC, da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji. Mpape tana ƙarƙashin Bwari, wadda aka ƙirƙiro cikin 1996. Shugabanninsu da kansiloli 62 zaɓensu a ke yi da ƙuri'a. Tsarin Mulki ya ɗora wa Ƙananan Hukumomi kula da kasuwanni da tasoshin mota da kwashe shara, da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da ƙididdige gidaje domin haraji. A cikin jihohi kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba su ikon ba da filaye a karkara bisa al'ada. Da wannan fahimta Ƙananan Hukumomin Abuja suka yi shekaru suna yanka fuloti suna rabawa, mutane suna biya suna gini.

Amma akwai wata doka da ta riga waccan. Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976 ta ce dukkan ƙasar yankin mallakar Gwamnatin Tarayya ce ɗungurungum, kuma sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita haka. Abin mamaki, dokar 1978 ita ma lambarta 6 ce, sai ya zama kowane ɓangare yana riƙe da tasa lamba 6. Kotun Ƙoli ta raba gardamar cikin 2008 a shari'ar Madu da Madu, inda ta nuna cewa babu mallakar gargajiya a ƙasar Birnin Tarayya, Minista kaɗai ke da ikon ba da fili. Tun kafin wannan hukunci, cikin 2006, Ma'aikatar ta umarci duk mai takardar Ƙaramar Hukuma ya kawo ta a tantance. Cikin watan Afrilu na 2025, zamanin Minista Nyesom Wike, hukuma da bakinta ta bayyana cewa takardu 261,914 aka karɓa, amma 8,287 kawai aka duba a duk tsawon shekarun nan.

To, ga yadda al'amarin ya tsaya. Shugaban Ƙaramar Hukuma yana da ƙuri'ar jama'a amma ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa. Minista yana da ƙasa duka amma ba ya neman ƙuri'ar kowa, Shugaban Ƙasa ne ya naɗa shi. Mutumin Mpape yana biyan kuɗin rumfa da na shago ga wanda ba zai iya kāre masa gida ba, gidansa kuma yana hannun wanda ba zai iya kayar da shi a akwati ba.

Hujjar Kowa

Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma ba a rasa gaskiya a bakin kowannensu. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna nuna cewa rabon filayen da Ƙananan Hukumomi suka yi ya zo da ɓarna mai yawa. An ba mutum biyu ko uku fuloti ɗaya, an buga takardun jabu da tsohon kwanan wata, an yanka fegi a inda aka keɓe wa makaranta ko hanya ko magudanar ruwa, kuma an raba daji ba tare da an kai titi ko ruwa ko wuta ba. Suna kafa hujja da abin da ya auku a Lugbe cikin watan Yuni na 2023, sa'ad da ambaliya ta shanye gida fiye da 100 a wani rukunin gidaje da ke cikin kwari. A ganinsu babban birnin ƙasa na dukkan 'yan Nijeriya ne, ba za a bar shi hannun hukumomi 6 kowace tana zana abin da ta ga dama ba.

'Yan Ƙananan Hukumomi su kuma suna cewa mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Su ne ke da makarantun firamare da ɗakunan shan magani waɗanda jama'ar nan ke cikawa, su a ke tasa da dare idan gobara ta tashi ko kwalara ta ɓulla. Ba su ne suka kira mutanen ba, birni ne ya kira su, ya ba su aiki ya hana su makwanci. Ƙa'idodin ginin da aka rubuta domin Maitama, da faɗin fuloti da zanen injiniya da kuɗin neman izini, babu leburan da zai iya cika su, kuma dokar da ba ta cikuwa karya ta a ke yi. Su kuwa Gbagyi nasu kukan ya fi na kowa tsufa. An fara da alkawarin kwashe su duka a sāke musu matsuguni, cikin 1978 aka ce sai wanda aiki ya taɓa, cikin 1992 aka ce a bar su inda su ke a haɗe su da birni kamar ƙauyen Garki, daga baya aka sāke komawa ga kwashewa. Mutumin da bai san ranar da za a karɓe gonarsa ba, ba abin mamaki ba ne ya sayar da ita tun tana da mai saye.

Jan Fenti Da Katafila

Cikin 2003 Malam Nasiru El-Rufa'i ya zama Minista da aniyar maido da birnin kan taswirarsa. Ya kafa ofishin AGIS domin a zuba bayanan filaye cikin kwamfuta, ya kuma saki katafila. Ta taɓa gine-ginen manya waɗanda suka hau kan magudanar ruwa, amma inda ta fi ɓarna shi ne garuruwan talakawa irin su Idu-Karmo da Chika da Aleita. Ƙungiyar kare haƙƙin muhalli ta COHRE, wadda a wancan lokaci mazauninta ke Janeba, ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 800,000 suka rasa matsuguni tsakanin 2003 da 2007. An ba wasu filaye a Pegi ta ƙasar Kuje, nesa da wuraren aikinsu, amma da yawa ba su je ba. Suka ɗauki kwanon rufinsu da ƙofofinsu suka nufi garuruwan da katafila ba ta kai ba, Mpape tana daga ciki. Watau rusau bai rage cunkoso ba, ya dai sāke masa wuri.

Cikin watan Yuli na 2012, zamanin Minista Bala Muhammed, layi ya zo kan Mpape. Aka sa ta cikin jerin garuruwa 19 da za a rushe, ma'aikata suka hawo dutse suna shafa wa bangaye jan fenti. Ƙaramar Hukuma ba ta da ikon tsayar da su. Mutanen garin da kansu suka haɗa kai suka kai ƙara, Lauya Femi Falana ya tsaya musu. Shari'ar ta ci shekara huɗu da rabi, kuma cikin watan Fabrairu na 2017 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke cewa korar da aka shirya ta saɓa wa doka.

An yi murna, amma hukuncin katafila ya tsayar, bai ba kowa takarda ba. Ana ganin sakamakon haka a jikin ginin garin. Wanda ke tsoron rusau ba ya zuba harsashi mai zurfi, ba ya sayen bulo mai ƙwari, ba ya barin filin da zai zama hanya. Ɗakuna ya ke jerawa iyakar yadda fegi zai ɗauka, domin ya fanshe kuɗinsa daga haya tun rana ba ta ɓaci ba. Gwamnati kuma tana jin nauyin kai bututun ruwa da kwalbati garin da taswirarta ba ta san da shi ba. Haka rashin takarda ke haifar da cunkoso, cunkoson kuma ya zama hujjar hana takarda. Cikin watan Satumba na 2018 ƙasa ta yi motsi a Mpape kwanaki a jere, mutane suka firfito daga ɗakuna, har aka ji a Maitama, Gwamnati ta dakatar da fasa dutse da haƙa burtsatse na ɗan lokaci. Allah ya taƙaita, amma kowa ya ga irin lungunan da motar kashe gobara ko ta asibiti za ta bi in da abin ya yi tsanani.

Ikko Ta Sami Mai Tsaya Mata

Irin wannan ja-in-ja ta taɓa tashi a Ikko, sai dai ƙarshenta ya bambanta. Gwamnatin Soja ta kafa dokar tsara birane ta ƙasa baki ɗaya cikin 1992, hukumomin Tarayya suka riƙa ba da izinin gini a filayensu da ke cikin jihar. Gwamnatin Jihar Legas, zamanin Gwamna Bola Tinubu, ta kai ƙara, kuma cikin 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari aikin jiha ne, ikon Tarayya a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Ikko tana da Gwamna da Majalisar Jiha da za su yi mata faɗa. Abuja ba ta da ko ɗaya. Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, alhali Sanata 1 da wakilai 2 kawai ta ke da su a ciki. Ko hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke cikin watan Yuli na 2024, na a riƙa ba Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye, maganar kuɗi ya yi, bai taɓa maganar ƙasa ba.

Ba sai an damƙa wa Ƙananan Hukumomi hatimin Minista ba kafin a sami sauƙi. Abin da garuruwa irin su Mpape ke bukata sananne ne: a auna su yadda su ke, a fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, a biya wanda hanya ta ci gidansa, a ba sauran takarda, a kuma rubuta musu ƙa'idar gini wadda mai ɗaki biyu zai iya cikawa. Wannan aiki ba zai yiwu ba sai da ma'aunan Gwamnatin Tarayya, ba kuma zai yiwu ba sai da kansila da dagaci waɗanda suka san gidan kowa. Haka nan kuma a sassauta wa unguwannin cikin birni su ɗauki gidaje masu hawa na masu ƙaramin albashi, domin muddin tsakiya tana sakaye, gefe zai ci gaba da cika.

Da magariba, idan hasken Maitama ya kama, mararrabar gindin dutse ta kan sāke cika. Masu gadin rana suna hawa, na dare suna sauka, magina da farin siminti a ƙafafunsu suna jiran acaɓa, mata masu aikin gida suna riƙe da ƙullin abincin da aka rage. Motocin tipa na ƙarshe suna gangarowa da tsakuwar da za a zuba gobe a wata sabuwar unguwa mai fuloti guda gida guda. A bangon wasu gidajen bakin hanya har yanzu ana ganin jan fenti, rana da ruwa sun koɗar da shi, masu gidan kuwa ba su goge ba, ba su kuma sāke shafe ba.